Haƙorin Baba a Ɗakin Gwaji

Duk wanda ya tambayi Baba aikin babbar 'yarsa, sai ya ce, "Harkar wutar lantarki take yi." Da 'yar tasa, Dakta, ta gaji da gyara masa, wata safiya ta sa shi a mota ta kai shi ɗakin bincikensu na jami'a.

Ta nuna masa tanderu da ɗan turmin da suke niƙa sinadarai, sannan ta miƙo masa faranti da wani farin gari a ciki.

Baba ya leƙa. "Duk karatun nan, ashe alli kike dakawa?"

"Ka dai biyo ni."

Suka shiga ɗakin gwaji, wanda ko taga babu. Ta sa masa tabarau, ta kashe wuta, ta kunna wata 'yar fitila mai dishi-dishi. Nan take garin ya kama haske, kore shar.

"Ikon Allah!" Baba ya ja da baya har ya taka mata ƙafa.

Ta ce masa sinadarai biyu ta barbaɗa a ciki. Siriyom ne ke cafke hasken fitilar, ya miƙa wa tabiyom, shi kuma ya haskaka.

"Wato wani na wahala, wani na shan yabo."

"Kusan haka. In kuma tabiyom ya yi yawa, sai su yi ta miƙa wa juna har hasken ya salwanta a hanya."

"Kamar ke da ƙannenki in na aike ku!" Ya ƙyalƙyale da dariya.

Dariyar ce ta tona masa asiri. Haƙorinsa ɗaya na gaba yana ta walƙiya, ya fi sauran nesa ba kusa ba.

"Baba, wannan haƙorin sayo shi ka yi?"

Ya dafe baki. "Wane haƙori?"

"Masu haɗa haƙora ma suna sa irin sinadaranmu. A naka dai sun cika hannu."

Ya rage murya. Santsi ne ya kwashe shi a banɗaki bara, lokacin da Mama ta yi tafiya, haƙorin ya fita, ya je aka dasa masa sabo kafin ta dawo.

"Ko ita ba ta sani ba. In kika faɗa, ni da ke ne."

Dakta ta yi alkawari, tana share hawayen dariya. Ta kai hannu za ta kashe fitilar, ya riƙe ta.

"Tsaya tukuna. Kina da madubi?"

Ta ciro na jakarta. Baba ya washe baki, ya juya dama, ya juya hagu. Har abokin aikinta ya fara ƙwanƙwasa ƙofa yana neman ɗakin, bai maido madubin ba.