Ƙugiya a Kunnen Deraman

Deraman da ƙanen matarsa Sulong a jirgi ɗaya suke aiki, amma ba sa ga-maciji da juna. Asalin abin wata kurciyar gasa ce ta Sulong, wadda kukanta ya sha ciyo masa kyauta. Ya tafi gaishe da surukansa da salla, ya bar wa Deraman ajiyarta, ya dawo ya tarar da keji wayam. Deraman ya ce shi ma haka ya wayi gari ya gan shi a buɗe. Sulong ya ce keji ba ya buɗe kansa. Daga nan kowa ya ja bakinsa ya tsuke. Rabuwa kuwa ba hali, don jirgin gado ne tsakanin Sulong da yayarsa Rokiah, matar Deraman. Haka suka ci gaba, Deraman a kan sitiyari, Sulong a bayan jirgi.

Sana'arsu fita da masu fatsar nishaɗi daga bakin kogin Rompin zuwa cikin teku, neman layaran, kifin nan mai baki kamar mashi da tuta a gadon baya. Baƙin da ke maƙala ɗan kifi a ƙugiya su zauna jira ba su da wahalar sha'ani. Masu ƙugiyar gashi su ne aiki. Su ba sa sa abinci a ƙugiya, gashin kaza suke ɗaura mata har ta yi kama da ƙaramin kifi, sannan su yi ta kaɗa zaren a iska kamar bulala kafin su sauke shi a ruwa. Irin wannan jifa ba ta zuwa da nisa, don haka sai an yaudaro kifin har gindin jirgi. Sulong ke wannan, da mataccen kifi marar ƙugiya da yake ja a baya. In layaran ya biyo shi ya matso, sai ya fizge abin daga ruwa, Deraman ya zare giyar inji, baƙo ya jefa. Aiki ne na mutum uku masu baki ɗaya.

A ƙarshen kakar bana wata tsohuwar baƙuwarsu ta zo daga Kuantan, Cikgu Khoo. Malamar lissafi ce da ta yi ritaya, shi ya sa har yanzu kowa ke kiranta Cikgu. Ƴar ƙaramar mace ce mai furfura, da hular kaba da ƙaton tabarau, kuma da hannunta take ɗaura gashin ƙugiyoyinta, fari da ruwan hoda. Ta san halin da ake ciki a jirgin, don a bara ma ita ce ƴar aike.

Ranar ba ta yi kama da ranar kamu ba. An kwana ana ruwa a kan tudu, kogi ya kwaso laka ya zuba a teku. Iska kuma ta soma juyowa daga arewa maso gabas, alamar damina ta ƙwanƙwasa ƙofa, kuma in ta shigo ba mai sake fita sai bayan watanni. Deraman ya dubi sama ya ga rana na shiga gajimare tana fita. Bai so haka ba, don in babu haske ba a ganin kifi sai ya riga ya iso.

Sulong ya leƙa ruwan ya ce, "Cikgu, ki gaya wa direba wannan ba teku ba ce, shayi ne da madara."

Deraman ya ce, "Cikgu, ki gaya wa mai maganar ni ma da idona na fito."

Cikgu Khoo tana warware ƙunshin shinkafar kwakwa daga ganyen ayaba, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Duk kun ji juna. Na ƙare ƙuruciyata ina raba yara faɗa, ban san ragowar na jirana a kan ruwa ba, har da gemu."

Deraman ya miƙa hancin jirgi gabas, ya yi ta tafiya har bishiyoyin kwakwa na gaɓa suka ɓace. Ruwan ya tashi daga ja ya koma kore. Sai wajen hantsi suka iso inda koren ya yi iyaka da shuɗi, layi ɗoɗar kamar an ja da zare. A can gefen shuɗin tsuntsaye ne ke ta faɗawa ruwa suna tashi. Inda tsuntsu ke haka akwai ƙananan kifaye a dunƙule, kuma wani abu ne daga ƙasa ya koro su sama. Ya rage gudu. Sulong ya saki mataccen kifinsa a baya, Cikgu ta tsaya a kusurwar jirgi da sandarta, ta zubo zare a bokiti.

Ba a jima ba wani baƙin abu ya taso bayan kifin yaudarar, sai ga tuta ta tsaga ruwa. Sulong ya shiga naɗe zare, layaran na biye yana saran abin da baki.

A nan ne Deraman ya ji iskar ta canza a ƙeyarsa. Ta komo ta damar Cikgu, kuma da dama take jifa, wato duk abin da ta kaɗa a sama cikin jirgi iska za ta turo shi. Maganin abin ɗan kaɗan ne: Sulong ya jawo kifin ta ɗaya gefen, shi kuma ya karkata jirgin. Kalma biyu ta isa. Ya buɗe baki, amma ya kasa kiran sunan Sulong.

"Cikgu, ki gaya masa..."

Cikgu ba ta ji ba, hankalinta duk yana kan tutar nan. Sulong ya fizge kifinsa, Deraman ya zare giya don hannunsa ya riga ya saba, zare ya yi ƙara a iska. Sai ya ji kamar an ɗauke shi da mari. Da ya kai hannu ya ji gashin kaza na reto a kunnensa na dama, wani abu mai ɗumi na bin wuyansa. Layaran ya ɗan kewaya, bai ga komai ba, ya nutse abinsa.

Cikgu ta ajiye sanda ta matso, fuskarta ta yi fari. Ta duba ta ce sabuwar ƙugiya ce, ta manta ba ta danne ƙayar bakinta ba, ga ta ta shige guringuntsi. Jirgi kuma ya ba igiyar ruwa haƙarƙari, ya soma tangaɗi. Dole wani ya riƙe sitiyari, wani ya yi aikin kunne, kuma Cikgu ta ce ita ba za ta iya taɓa kunnen ba.

Sulong ya ɗauraye hannunsa, ya ɗauko filaya.

"Abang, zauna," in ji shi, wato yaya da harshensu.

Deraman ya zauna a kan akwatin ƙanƙara. Daga nan ya nuna wa Cikgu yadda za ta sa hancin jirgi ya fuskanci igiyar.

Sulong ya ce, "Ba ta fita ta baya. Sai na tura ta ta ɓullo, in datse ƙayar."

"To tura mana. Wa'azi za ka yi mini?"

"Ka daina motsi. Kunne kamar faranti, ina ƙugiya za ta wuce ta bar shi?"

"Da ka jawo kifin ta hagu da duk ba a yi haka ba."

"Wa ya ce mini in jawo ta hagu?"

Deraman ya dafe ƙanƙara a kunnen har wurin ya yi sanyi ya daina ji, ya cije gefen rigarsa. Sulong ya tura. Hawaye ya zubo wa Deraman ba da izininsa ba, ya ji ƙarar filaya, sannan aka zare sauran ƙarfen. Sulong ya wanke wurin da ruwan sha, ya yage tsohon zane ya naɗe masa kai.

Cikgu ta ce a juya gida, a kai shi asibiti. Deraman ya miƙe ya karɓi sitiyarinsa, ya dubi tsuntsayen, suna nan ba su watse ba.

"Asibiti ba ya gudu, Cikgu. Wannan ruwan kuwa gobe babu shi. Sulong, ta hagu."

"Na ji."

Sai bayan azahar wani layaran ya sake tasowa, bai kai na farko ba. Wannan karon iska na bayan Cikgu, gashin ya sauka daidai gefen kansa, ya juyo ya hadiye. Zare ya fita da kuka. Kifin ya yi tsalle ya tsaya a kan wutsiya yana girgiza kai, ya faɗa, ya sake tashi can nesa. Cikgu ta yi ta fama da shi har gumi ya jiƙa mata riga, Deraman na bin sa da jirgi a hankali. Ana cikin haka zaren ya saki. Ta naɗo shi ta ga ƙugiyar na nan, kifin ne ya tofar. Ta zauna tana haki, ta ce ya ishe ta na bana.

A hanyar dawowa hadari ya haɗo baƙi ƙirin a bayansu, igiyar ruwa na watso musu gishiri. Mazan biyu suka yi ta musu da ƙarfi don su rinjayi ƙarar inji, a kan wanda ya fara ganin tsuntsaye, da wanda ya bar man inji ya yi ƙasa a watan jiya, da wasu tsofaffin maganganu da kowa ya daɗe yana ajiye da su. Cikgu ta ja hularta ta rufe fuska.

An yi wa Deraman allura a asibitin garin, aka ce kunnen zai warke amma hudar za ta zauna. Da ya isa gida Rokiah ta kwance zanen ta duba, ta tambayi wanda ya cire. Ya gaya mata. Sai ta ƙara shinkafa a tukunya ta aika a kira ƙanenta.

Damina ta sauka a makon, teku ta rufe. Suka jawo jirgin kan yashi suka kankare gindinsa. Maƙwabta sun sha jin muryarsu daga bakin kogi suna gardamar fentin da za a shafa, Deraman na son shuɗi, Sulong na son kore. Rokiah ta je kasuwa ta sayo ruwan ɗorawa, shi suka shafa.