Kujerar Mai Zaman Banza

Tun da yayana Kudus ya rasu, tsohuwar akori-kurarsa take kwance a garejin da muke haya a unguwar Mount Hope, injinta a ƙasa yadda ya bar shi. Da irinta babanmu ya yi dakon doya a Kumasi, shi ya sa muka saye ta mu gyara. Kudus dogo ne, duk motar da ya tuƙa, kujerar direba a ture take can baya. Ni kuma wurina gefensa ne, kujerar mai zaman banza, kuma da sunan yake tsokanata.

Matata Sherifa ta gaji. Ta ce, "Baban Adisa, gawar mota ba ta kai yara makaranta. Ka nemo mai tashi."

Haushi ya kai ni wurin Souley, wani Banijare mai sayar da motoci a Jerome Avenue. Na zaɓi ƙaramar Corolla, na jawo kujerar daidai ƙafata, na tuƙo ta gida.

Da safe na buɗe ƙofa, na tarar da kujerar a ture can baya. Na hau Sherifa da faɗa, alhali na san ba ta iya tuƙi ba. Na jawo kujerar, kashegari ta sake komawa baya.

Ranar Juma'a Sherifa ta sauko da yara, ta same ni a kujerar mai zaman banza, makulli a hannuna. Ta dubi wurin direba, ta dube ni.

Ta ce, "Wa kake jira?"