Ruwan da Baba Kashim Yake Nema

Ni kafinta ne, kuma ba na son a yi mini gardama a kan katako. Shekara ashirin da biyu ina yin gadaje da kujeru a unguwar Lamisula cikin Maiduguri, a hannun mahaifina na koya, shi kuma a Kano ya koyo. Karatun farko da aka dasa mini a kai shi ne katako ba ya shiri da ruwa. Ka busar da shi, ka ɗaga shi daga ƙasa, ka shafe shi da fenti. Duk wanda ya ce mini ba haka ba, kallon mahaukaci nake yi masa.

Surukina, Baba Kashim, mahaifin matata Gumsu, mutumin Baga ne. A kan tafkin Chadi ya girma, rikici ya koro shi Maiduguri ba ko tabarma. Zaman gari ya gagare shi, don haka da hanya ta ɗan lafa sai ya koma bakin ruwan madatsar Alau da ke wajen gari, ya haɗa jirgin katako guda ɗaya da hannunsa, ya kafa turaku huɗu, ya shimfiɗa falankai, ya rataya tsofaffin tayoyi a gefe. Wannan ita ce tasharsa. Ranakun Asabar da Lahadi da bikin Sallah samari da 'yan mata da ma'aikata kan je shan iska, ya ɗauke su ya zaga da su, su yi ta ihu suna ɗaukar hoto, ya dawo da su. Masunta baƙi ma a turakunsa suke ɗaure jiragensu. Na sha tsokanarsa cewa ya zama direban masu yawon banza, shi kuma ya ce ai gara su da ni, tunda ko a baho aka saka ni sai na kira uwata.

A watan Fabrairu ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Muka ɗauko shi daga asibiti muka kawo shi gidana, baki a karkace, magana ta tafi. Da ma Hausarsa ta kasuwa ce, ciwon ya share ta tas, Kanurin ma kalma ɗaya tak ya bar masa. Na ga yadda yake kallon ƙofa kullum, tausayi ya kama ni, na ce a raina jirginsa yake tunani. Na samo a-kori-kura, muka je Alau mu shida muka fizgo jirgin daga ruwa, muka kawo shi tsakar gida. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, ga jirginka. Zan kula da shi, ranar da ka warke ni zan mayar da ku tasha tare."

Na kuwa kula da shi irin kulawata. Na ɗora shi a kan bulo, na kafa masa rumfar kwano, na kankare gansakuka, na goge, na zuba masa fenti shuɗi da fari har shafi uku. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna yabawa, ni kuma kaina ya yi ta kumbura.

Baba na zaune a kujerar da na yi masa, yana kallo. Tun ranar farko ya fara faɗin kalmar nan tasa: "Nji." Na tambayi Gumsu, ta ce da Kanuri ruwa ke nan. To mara lafiya ya ce ruwa, me za a yi masa? Ta kawo masa a kofinsa na silba. Ya karɓa da hannun hagu, ya watsa shi wajen jirgin. Ta sake kawowa, ya sake watsarwa. Gumsu a gari ta girma wurin gwaggonta, ba ta san kan jirgi ba kamar yadda ban sani ba, sai ta shiga ɗaki tana kuka, wai ƙwaƙwalwar Baba ta taɓu. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, haushi na ji yana jiƙa mini sabon fenti, na ja kujerarsa baya inda ruwan ba zai kai ba.

Haka muka yi bazara, zafin Maiduguri da kowa ya sani, kwano yana ƙara a kai kamar ana soya gyaɗa. Kullum nji, kullum kofi, kullum watsarwa. Muka canza masa ruwan randa, muka sayo na leda mai sanyi, muka kira malami ya yi masa tofi. Ranar da aka yi ruwan farko ya zame daga kujera, ya ja jiki a ƙasa har gindin rumfar yana nuna sama yana gurnani. Na ce wa Gumsu ai na gane, tsoro yake kada feshi ya taɓa jirgin. Washegari na sayo tampol na lulluɓe shi ruf, na ɗaure da igiya. Baba ya dube ni, hawaye na bin karkataccen bakinsa, na ɗauka na godiya ne. Daga ranar ya rage magana.

Safiyar wata Talata a watan Satumba ruwa ya shigo gari. Muna jin ana cewa madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci unguwar Gwange, ya shiga Kasuwar Litinin, kafin mu gama jajantawa ga shi a ƙofarmu, ja, da ƙarfi, yana tafe da robobi da matattun kaji. Yaranmu suna Kano hutu, wannan kaɗai na gode wa Allah a kai. Kafin hantsi ruwa ya kai mini ƙugu a tsakar gida. Masu ƙafa sun gudu tun da wuri, mu kuwa muna da mutumin da ba ya iya tsayuwa, kuma a bakin layi ruwan ya fi ƙarfin kai.

Wallahi ban tsorata ba. Har wani alfahari na ji, duk layin nan wa ke da jirgi in ba ni ba? Na yaye tampol, na ture bulo, jirgin ya hau ruwa yana sheƙi. Gumsu ta shimfiɗa bargo, ta ɗauko jakar magani da kofin, na ciccibo Baba na kwantar da shi a ciki. Ban kai ga ɗaukar gorar tuƙi ba na ga bargon ya yi duhu. Ruwa ne yake ɓulɓulowa ta kowace gaɓa, tsakanin falanki da falanki, dogayen layuka tun daga kai har gindi. Na danna yatsa a wata gaɓa, fentin ya fashe, yatsana ya wuce.

Baba ya ɗago ido ya dube ni, a hankali ya ce, "Nji."

Nan na gane, kuma ganewar ta fi mari ciwo. Ni da na san katako yana tsukewa in ya bushe, ni da nake barin rata a ƙofa saboda damina, ban taɓa kawowa a raina cewa jirgi kumburin da ruwa ke sa shi ne yake toshe gaɓoɓinsa ba. Wata bakwai bawan Allah yana roƙona in jiƙa masa jirgi, ina ba shi ruwan sha.

Jirgin ya cika cikin minti kaɗan, na ɗaure shi a turken rumfa. Na goya Baba, Gumsu ta riƙe ƙafafunsa, muka bi jikin katanga zuwa benen maƙwabcina Nasidi da ba a ƙarasa ginawa ba, muka hau sama. Mun kai mu talatin a wurin, ba rufi, ba abinci. Daga can ina hango tsakar gidana, jirgin ɗaure da turken rumfa, cike fal, bakinsa daidai da fuskar ruwa. Na kawar da kai, a wurina jirgin ya riga ya mutu.

Magungunan sun jiƙe sun zama kunu. Rana ta dake mu, yamma ta yi yayyafi ya jiƙa mu. Jirage suna wucewa can bakin titi, muna ɗaga zannuwa muna kira, kowanne a cike. Na kira duk lambar da na sani har waya ta mutu. Ranar Laraba da safe numfashin Baba ya canza, ya koma wani irin gurgura. Gumsu ta ɗora kansa a cinyarta, tana yi masa inuwa da mayafi, tana ɗiga masa ruwan sama daga kofin. Sau biyu ya ɗaga hannun hagu ya nuna wajen gidana. Na ce, "Na sani, Baba, na ɓata shi, ka yafe mini." Ya rufe ido kamar wanda ya gaji da ni. Ban taɓa jin ni ba komai ba ne irin na ranar, ƙato da ni, da sana'a a hannu, ina zaune ina kora masa ƙuda. Bayan la'asar ya cika.

Alhamis da hantsi wani jirgi ya shigo layinmu. Mai tuƙin dattijo ne, Mikail, masunci daga Baga, na san shi a tashar Baba. Jirginsa cike da mata da yara, ya ce ba shi da wurin gawa, mu yi haƙuri. Sai idonsa ya faɗa tsakar gidana, ya tsaya da gorarsa, ya ce wannan ai ƙirar Kashim ce ko an shafe ta da me. Na gaya masa abin da na yi, ban ɓoye komai ba. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni.

"Tun yaushe yake cikin ruwa?" ya tambaya.

Na ce tun Talata da hantsi.

"To ai ya sha ya ƙoshi. Kwana ɗaya ya ishe shi. Kwashe ruwan kawai, tun jiya da safe ya isa hawa."

Jiya da safe Baba yana da rai. Jiya da safe ne ya ɗaga hannu sau biyu yana nuna mini.

Na sauka, ruwa iya ƙirji, ni da Nasidi muka jijjiga jirgin kamar yadda Mikail ya nuna, muka kwashe da bokiti, na ƙarasa ragowar da kofin silba, na tsane da rigata. Na tsaya ina jira in ga ɓulɓulowa. Shiru. Na danna yatsa a gaɓar nan da ta fashe, ta haɗe gam, ko tsinke ba zai shiga ba.

Muka sauko da Baba a lulluɓe da zanen Gumsu, muka kwantar da shi a cikin jirginsa. Ban iya tuƙi ba, sai Mikail ya ɗaura igiyarmu a bayan nasa jirgin ya ja mu. Gumsu tana zaune wajen kan Baba. Tafiyar kusan awa guda muka yi kafin mu kai tudu, ina ta kallon ƙasan jirgin, kuma har muka sauke shi zanen bai jiƙe ba.