Gwangwanin Malam Milimita

Shekara ashirin da tara Malam Milimita yana auna ruwan sama a bayan gidansa, bai taɓa tsallake yini ba. Ɗalibansa na labarin ƙasa ne suka laƙaba masa sunan, ya yi ritaya sunan ya bi shi gida. Yakan ce musu abin da sama ta yi yau fushin yini ne kawai, sai an jera awon shekara talatin babu giɓi sannan a san halinta. Saura masa damina ɗaya.

Ran nan da la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Iska ta tsinke igiyar shanya, ta fyaɗa ƙofar kicin da bango. Ƙanƙara ta fasa taga biyu. Sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Malam na tsaye da agogo a hannu. Ma'auninsa mazurari ne a kan gwangwani mai cin milimita ɗari. A wannan zubar, kafin rabin awa zai tumbatsa, abin da ya zube kuwa babu mai sanin yawansa har abada. Dole a ciro shi a sa wani.

Matarsa ta riga shi ƙofa ta tare. Ta ce ga kwanon rufin maƙwabta can yana shawagi kamar shirwa. Ta ce ta haƙura da gwangwanin nan tun tana goyon fari, amma ba za ta binne miji saboda shi ba.

"Matsa," ya ce.

Ba ta matsa ba. Ya fizge ta, goshinta ya daki ƙofa, ya fice.

Sau biyu iska na maka shi da ƙasa. Da rarrafe ya isa, ya ciro gwangwanin da ya kusa cika, ya sa wani, ya rungumo mai ruwan a ƙirji. Taku uku ya rage masa ya kai ƙofa, kwanon ya sauko. Ya tsarge masa hannu daga gwiwa zuwa tafi, ya tafi da yatsu biyu. Bai saki gwangwanin ba.

Ita ta janyo shi ciki, goshinta a kumbure. Ta ɗaure hannun da ɗankwali tana ja da haƙori, ba ta ce masa sannu ba. Shi gwangwanin yake kallo. Ruwan ya koma ja, ya hau har baki.

Ta ɗauko littafin awon da biro. Ta ce ya rage cokali goma na jininsa ya faɗi lamba, wa zai sani, ai sama ba ta kai ƙara.

Ɗankwalin na ɗiga a siminti.

"Rubuta kwanan wata," ya ce. "Sai ki sa: ba a auna ba."

Ta rubuta, ta rufe littafin. Ta zare gwangwanin daga ƙirjinsa ta watsar a tsakar gida, ta tafi buga ƙofar maƙwabci mai mota.