Firji Mai Juna Biyu

Jarka biyu na man gas. Kwalba uku na ruwan batir. Auduga, sirinji, sabulu sanda huɗu. Akwatin sanyi ɗaya, cike da ƙanƙara da allurar rigakafin ƙyanda ta yara ɗari biyu. Kayan da Sista Afiniki ta ɗauko daga Kafanchan ke nan, a bayan a-kori-kura, ana yayyafi. Akwatin a kan cinyarta yake. Da suka wuce Fadan Kagoma ta ɗan jijjiga shi, ta ji ruwa na motsi a ciki. Ƙanƙara ta fara narkewa.

Ba ta damu ba. Ƙaramin asibitin ikilisiya da take riƙe da shi yana da firji. Wutar gwamnati ba ta taɓa zuwa ƙauyen ba, amma akwai faranti takwas na sola a kan rufi, da batir huɗu, da ɗan janareto don ranar da hadari ya rufe sama. Wutar ba ta da yawa. In an bar wa firji shi kaɗai, ta ishe shi.

Ran Juma'a za a yi allurar. Wata biyar ta yi tana sintiri zuwa ruga kafin Arɗo Yunusa ya yarda matan Fulani su kawo yaransu. Ya ce sau ɗaya za su zo. In maganin ya ji zafi ya lalace, ba mai sake ganinsu.

Wajen ƙarfe biyu ta iso. Ta tarar da firji a kashe, cikinsa ɗumi kamar aljihu, an jera littattafan waƙa na coci a ciki saboda gara. A bango an manna takarda mai layuka, an ja su da rula. A ƙarƙashinta Baba Zamani na zaune, shugaban kwamitin asibiti, wanda ya yi shekara talatin a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan yana faɗa wa jirage wanda zai shiga da wanda zai jira.

"Sannu da hanya, 'yata. Kin ga aiki?"

"Baba, wa ya kashe firji?"

"Ba wanda ya kashe shi. Layinsa ne bai zo ba."

Ya yi mata bayani a natse. Kwana biyun da ba ta nan, mutane sun kusa ba hamata iska a kan soket ɗaya tilo na asibitin. Shi kuwa ba ya son hargitsi, sai ya tsara. A ƙasar nan, ko biki ko makoki, babba ake fara miƙa wa ƙwarya. Wuta ma haka. Ya tambayi shekarun kowane abu ya rubuta. Rediyonsa ne a sama, an saye shi lokacin da aka gama yaƙin basasa. Sai dutsen guga na Pasto Luke, shekara goma sha biyu. Sai lasifikar coci, sai injin aski na Gilbert. Firji ne a ƙasa.

"Bara aka kawo shi," in ji Baba Zamani. "Yaro ne. Ya koyi haƙuri."

Afiniki ta dubi mitar batir. Allurar mitar ta kwanta a kan ja. Dutsen guga ya shanye wutar ranar kwana biyu, ranar watan Agusta kuwa dama ba ta da kirki.

Ta fitar da littattafan, ta saka firji a soket, ta zuba mai, ta ja igiyar janareto. Nan ta yi kuskure, ta kuma sani, domin a ƙauyen ƙarar janareto ta fi ƙararrawar coci tara jama'a. Kafin firji ya gama tari na farko, ga Gilbert da mutum uku masu jiran aski, ɗaya an yi masa rabin kai tun jiya. Ga wani mai rikoda. Ga Pasto Luke da wando a kafaɗa.

"Salamar Ubangiji, Sista. Minti biyar kawai. Ina da jana'iza gobe."

Baba Zamani ya duba takarda, ya cire firji, ya saka rediyo don kada a tsallake shi, sa'an nan ya saka dutsen guga. Janareto ya yi nishi, ya yi baƙin hayaƙi, ya mutu.

Afiniki ta ja igiya har sau shida kafin ya tashi. Ta buɗe akwatin sanyi kaɗan. Ƙanƙarar da ta rage ba ta fi curin sabulu ba. Maganar tana bakinta, amma ba ta fito ba. Baba Zamani ne ya tsaya mata ranar baftisma. Ba a ce wa irinsa ya cire hannu a gaban mutane.

Mama Miriyam ce ta shigo a lokacin, tsohuwar unguwarzoma, shugabar zumuntar mata. Ba ta kawo abin sakawa ba, hayaniya ce ta jawo ta.

"Afiniki, me kike rungume haka kamar gawa?"

"Allurar yara ce, Mama. Na yara ɗari biyu. Cikin firji za su shiga, in ya yi sanyi."

"Duka ɗari biyun a cikinsa?"

"Duka."

"Har yaushe?"

"Har Juma'a."

Mama Miriyam ta juya ta kalli Baba Zamani daga hula zuwa takalmi.

"Zamani, tun kana yawo ba wando na san ka. A gidan wa ka ga mai ciki ta bi layin abinci?"

"Wane mai ciki?"

"Ga shi nan tsaye! Yara ɗari biyu, haihuwa ran Juma'a, ka ba wando abinci ka bar shi da yunwa?"

"Mama, yaron bara ne fa."

"Yaran yanzu ai ba sa jira."

Baba Zamani ya cire tabarau ya goge. Tsari ne ya ɗaure shi, tsari kuma ya kwance shi, domin ko a tasha akwai jirgin da ake share wa hanya. Ya ɗauki biro ya ja kibiya daga ƙasan takarda har sama. Pasto Luke ya naɗe igiyar dutsen gugarsa, ya ce marigayin dama ba mai kula da kaya ba ne.

Awa uku janareto na yi wa firji aiki shi kaɗai. Da ma'aunin sanyi ya sauka kan biyar, Afiniki ta kwashe kwalaben allurar ta jera a ciki, ta rufe. Ta zauna a karo na farko tun isowarta.

Sai ta ji waƙa.

Zumuntar mata ce, su goma sha huɗu, da ganga da tukunyar kunu. Labari ya zagaya cewa akwai mai juna biyu a asibiti, ba a kuma jin haka a zauna a gida. Ta farko ta durƙusa, ta buɗe firji, ta ce, "Sannu da nauyi. Allah ya raba lafiya." Ta rufe. Ta biyu ta buɗe. Ta uku ta daɗe tana addu'a, ƙofa a wangale, sanyi na zubo mata a ƙafa tana cewa amin. Ta huɗu ta nemi wurin ajiye kunu a ciki.

Afiniki ta leƙa ma'auni. Bakwai. Iyakar da maganin ke jurewa takwas ce.

Wannan karon maganar ta fito. Ta ce mai ciki na so ta huta, Mama Miriyam kuma ta mara mata baya, ta shiga korar matan da ita da kanta ta gayyato. Baba Zamani ne na ƙarshe. Ya tsaya a bakin ƙofa, takardarsa a hannu, yana tambaya ko bayan haihuwa firji zai koma matsayinsa na ƙasa.

Afiniki ta jawo ƙofar ɗakin magani, ta murɗa makulli sau biyu, ta ɗaure shi a bakin zane.

"Wutar rana ta firji ce, Baba, yau da gobe da bayan Juma'a. Janareto awa ɗaya ran Asabar, ku raba yadda kuke so. Gaisuwa kuma daga waje."