Haddar Fadila

Mai keke Napep ya tsaya gab da Ƙofar 'Yandaka. Malam Sada ya riga 'yarsa sauka, ya karɓi jakar littattafan don kada nauyi ya gajiyar da ita. Fadila ta sauko a hankali, leɓɓanta na motsi. Tun daga gida take bita a ranta.

"Kin sha maganinki?"

"Na sha, Baba."

"To ki natsu. Abin da kika sani za a tambaye ki, ba wani abu ba."

Shekara uku ke nan da ya cire ta daga makaranta. Fadila tana da ciwon sikila. Tana aji uku ciwon ya tashi mata, ta kife kai bisa benci a cikin yara sama da ɗari, ba wanda ya lura sai da aka tashi tara. Kwananta tara a asibiti. Ranar da aka sallamo ta Malam Sada ya ce shi zai koyar da 'yarsa, kuma bai saɓa ba. Kullum ba ya buɗe rumfarsa ta hatsi a Babbar Kasuwa sai bayan hantsi. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, boko kuwa a ajin yaƙi da jahilci ya tsince shi. Lissafi ya iya shi kamar cin tuwo. Turanci ne ba ya ji, sai ya sayo littattafan aji huɗu zuwa shida, ya roƙi wani maƙwabcinsa ma'aikacin ofis ya karanta masa su yana ɗaukar muryar a waya, shafi bayan shafi. Ya kunna, Fadila ta maimaita, shi kuma ya bi layin da yatsa. Ba a wuce shafi sai ya zauna daram.

Mutum ne mai gaskiya da riƙon alkawari, amma yana da ciwon da ke damun irinsu: ba ya son a gyara masa. Akwai iyaye wajen gida tara masu koyar da 'ya'yansu a gida da ke taruwa duk Asabar a Kambarawa, gidan Hajiya Baraka, tsohuwar malama da ta yi ritaya. Wasu 'ya'yansu ba su da lafiya, wasu daga ƙauye suka gudo ba su sami gurbi ba. Sau biyu kacal ya taɓa zuwa, kuma bai kai Fadila ba, wai kada a rikita mata karatu. Zuwansa na biyu ne Hajiya ta faɗa masa gaskiya: doka ta wajabta wa iyaye sa yaro makaranta, mai karatu a gida kuwa ba wanda ya san da shi, kuma jarrabawar shiga sakandare sai ta hannun makaranta ake rajistarta. Ita ce ta rubuta masa takarda zuwa ga Malam Zakari, tsohon ɗalibinta, hedimastan wata makarantar kuɗi da ke Ƙofar 'Yandaka. In ya gwada Fadila ta dace, zai sa ta aji shida ta rubuta jarrabawa bana tare da tsararrakinta. Ƙarshen watan nan ake rufe rajista.

Malam Zakari ya karɓe su da mutunci. Aka gaisa, aka tambayi iyali da kasuwa da jikin yarinya da lafiyar Hajiya. Sannan ya rubuta lissafi goma ya miƙa mata. Kafin ya gama sa hannu a wasu takardu ta ajiye fensir. Ya duba, ya ɗaga gira.

"Tara daidai. Na goman ma ni na rubuta lambar ba kyau. Wa ya koya maki rabawa haka?"

"Baba."

Malam Sada ya gyara zama.

Hedimasta ya jawo littafin kimiyya daga jakar, ya buɗe tsakiya, ya karanta kalma uku na farkon shafi don ta karɓa ta ci gaba da karantawa. Bai kai ga miƙa mata littafin ba ta ɗauka da ka. Ta harɗe hannuwa, ta runtse ido, tana ɗan rangaji gaba da baya, Turanci na zuba daga bakinta ba tuntuɓe. Ta gama shafin, ta shiga na gaba. Malam Zakari na bin ta da ido a kan takarda, bakinsa a buɗe.

"Littafi goma sha ɗaya ne a kanta," in ji Malam Sada. "Buɗe duk wanda kake so."

Hedimasta ya rufe littafin. Ya yi mata wata gajeriyar tambaya da Turanci. Fadila ta zuba masa ido. Ya sake, a hankali. Ta dubi mahaifinta, ta koma farkon shafin ta fara janyowa.

"A'a, 'yata, tsaya. Da Hausa nake tambayarki yanzu. Wannan da kika karanto, maganar mi ake yi a ciki?"

Fadila ta sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe," Malam Sada ya shiga, "ai ma'ana daga baya take zuwa. Haka aka karantar da mu. A fara tsare lafazi, in ya zauna sai a tafi ga fassara."

"Malam Sada, wancan Alƙur'ani ne, lafazinsa kansa ibada ne. Wannan littafin aji biyar ne. Wanda ya rubuta shi ma bai haddace shi ba, kuma baɗi ana iya canza shi da wani."

"Amma ka ji ta. Ko harafi ba ta ci ba."

"Na ji ta, kuma wallahi shekara ashirin ina koyarwa ban ga kai irin wannan ba. Sai dai jarrabawa ba ta cewa ɗauko daga farkon shafi. Tambaya ce a juye, a ba ka amsa huɗu ka zaɓi ɗaya. In na sa ta aji shida na zalunce ta. Aji huɗu zan iya ba ta. Ko ku koma, ku dawo baɗi in sake gwada ta."

"Aji huɗu? Shekararta goma sha biyu. Cikin 'yan shekara tara za ta zauna?"

"Abin da nake da shi ke nan. Ka yi haƙuri."

Malam Sada ya tattara littattafan ɗaya bayan ɗaya. Ya yi godiya, don ba a koya masa fita ba godiya ba, amma muryar ba tasa ba ce.

A waje rana ta take. Ya ja ta inuwar wata bishiyar bedi suka tsaya jiran abin hawa. Ransa na tafasa. Yana shirya maganganun da zai faɗa a gida: 'yan boko da raina mutane, takarda kawai suka sani.

"Baba."

"Kada ki damu. Akwai wasu makarantun."

"Baba, ba laifinsa ba ne. Ban san abin da nake cewa ba. Tun littafin farko ban sani ba."

Ya juyo ya dube ta. "Mi ya hana ki faɗa mani?"

"In na kawo shafi ba kuskure kana yin murmushi. Kuma saboda ni kake makara kasuwa." Ta murza bakin hijabinta. "Na ga in na tambaye ka, kai ma ba ka sani ba, sai ka ji kunya."

Ya kau da kai gefe. Shekara uku yana zaton shi ke lallaɓa yarinyar, ashe ita ke lallaɓa shi. Keke biyu suka wuce bai tsayar ba. Da na uku ya tsaya, mai shi ya ce ina zuwa, sai ya ji bakinsa ya ce, "Kambarawa."

Sun tarar da Hajiya Baraka a tsakar gida bisa tabarma tana tsince shinkafa, tabarau a kan hanci.

"Lale da Malam Sada! Yau ba Asabar ba, lafiya? Au, wannan ce ƙawar tawa da ake ɓoye mani? Zo nan in gan ki."

Bayan gaisuwa ya zauna daga bakin ƙofa ya faɗi komai, bai rage ba, har da abin da Fadila ta ce masa a gindin bedi. Hajiya ba ta ce ai na faɗa maka ba, ko da yake a fuskarta an ga ta yi niyya.

"Bana ta wuce," ta ce. "Wannan ka cire shi a ranka. Sai ka zaɓa: aji huɗu, ko ka riƙa kawo mani ita kwana uku a mako mu warware abin da ka ɗaure. Kalmomin suna nan a kanta, ba a yi asara ba. Lissafi kuma ka riƙe abinka. Amma da sharaɗi. Ran Asabar ta zauna cikin yara, kai kuma ka zauna cikin iyaye, a tambaye ka ka tambayi wasu."

Ya dubi Fadila. Ta ɗaga masa kai.

"Na yarda, Hajiya." Ya zaro littafin kimiyyar, ya nemo shafin, ya miƙa mata da hannu biyu. "Don Allah, wannan da ta karanta yau. Sati biyu muka yi a kansa. Mi yake cewa?"

Hajiya ta gyara tabarau ta duba.

"Cewa ya yi in aka ɗora ruwa a wuta ya tafasa, yana zama tururi ya tashi sama. In tururin ya taɓa abu mai sanyi, kamar murfin tukunya, sai ya koma ruwa."

Fadila ta buɗe ido. "Shi ke nan? Tururin tukunyar Umma?"

"Shi ke nan, ƙawata."

Yarinyar ta toshe baki, dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Malam Sada bai yi dariya ba. Ya matso kusa, ya ɗora yatsa a kan layi na biyu.

"Wannan fa?"