Maskin da Ta Ƙi Tafiya

Orrin Zastrow ya yi shekara goma sha ɗaya bai shiga jirgin ruwa ɗaya da yayan matarsa ba, kuma da don ta shi ne da ya cike ashirin. Matar tasa, Marlys, ce ta ɗaure shi da jijiyar wuya. Da ya tambaye ta me take so ranar cikarta shekara saba'in, sai ta ce ba ta son zobe, ba ta son fure, so take ta tsaya a tagar kicin ta ga shi da yayanta Delbert sun ja jirgi sun nufi tafki tare. Mace ta yi shekara arba'in da huɗu tana wanke maka safa mai ƙarnin kifi, ai ba ka da bakin musu.

Kifi ne ya raba su. A arewacin Wisconsin ba a dariyar wannan magana, don kifin da ake kira maski ta raba waɗanda suka fi su kusanci. Mutum yakan jefa ƙugiya sau dubu goma kafin ta kula shi, ita da dogon bakinta da haƙoranta kamar na zarto, kuma manyan duk mata ne. Doka a Tafkin Tamarak ta ce wadda ta kai inci hamsin halal ɗinka ce, ka tafi da ita gida. Amma ƙungiyar masu sakin maski, wadda Orrin ya kafa yake kuma shugabanta har yau, tana da tata dokar da ta fi ta gwamnati kaifi: ka auna, ka ɗauki hoto, ka mayar.

Delbert Maki kuwa wata rana ya fito gaɓa da gawar mai inci hamsin da ɗaya. A taron ƙungiya ya miƙe, hula a hannu, ya fara cewa ai a hannunsa ta mutu. Orrin bai bar shi ya dire ba.

"Kowa haka yake cewa," in ji shi, ya juya ga jama'a.

Aka tafa masa, aka soke sunan Delbert. Maganar ta shiga bakin 'yan ƙungiya ta zauna, ta zama abin da ake jifan duk wanda ya zo da kifi matacce da shi. Orrin ya ji daɗin hakan, ba sai an ɓoye ba. Mutum ne mai son ya ji kalamansa a bakin wasu.

To, ga su yau, Asabar ta biyu a watan Oktoba, kowa ya kama ƙarshen jirgi ɗaya ya ba ɗan'uwansa ƙeya. Jirgin na Delbert ne, motarsa ce kuma a gaɓa. Orrin ya sa jar rigar ƙungiya da gangan, don wajen tsakar rana 'yan ƙungiya za su taru a gaɓar su gasa nama kamar yadda suke yi kowace kaka, yana kuma son su ga cewa shi mai yafiya ne. Awa uku ba abin da ya haɗa su sai "miƙo kofi".

Wajen ƙarfe goma, a bakin ciyawar da ke gefen tsibirin duwatsu, Orrin yana naɗo zarensa sai ya ga inuwa tana bin ƙugiyar. Hannu ya san aikinsa. Ya tsoma bakin sandar kamun kifin a ruwa ya shiga zana siffar lamba takwas a gefen jirgi, yana faɗaɗa kwana. A zagaye na biyu ruwan ya tsage, ta cafke ƙugiyar.

Ba a daɗe ana kokawa ba. Delbert ya jefar da tasa sandar, ya zura raga, ya kwashe ta tashi ɗaya. Duk tsiyarsa, babu mai riƙe raga kamarsa a tafkin nan, Orrin kuma ya sani. Suka ɗora ta a katakon awo.

"Hamsin da uku," in ji Delbert. "Ɗaga ta, Shugaba, kafin ka suma."

Shekara arba'in Orrin yana neman wannan rana. Ya rungume ta, Delbert ya ɗauki hoto da waya, duka bai fi ƙiftawar ido ba. Sai da ya sunkuya zai mayar da ita ya ga jini yana bin hannun rigarsa. Ƙugiya ɗaya ta wuce can ciki, ta yagi jajayen kunnuwan da take numfashi da su. Ya datse ƙarfen da filaya, ya zare a hankali, ya sa ta a ruwa, ya durƙusa ya riƙe gindin wutsiyarta da hannu ɗaya, ɗayan a ƙarƙashin cikinta.

Haka ake yi. Ka riƙe ta a miƙe har ta dawo hayyacinta, ta buga wutsiya ta watsa maka ruwa a fuska ta tafi. Orrin ya koya wa mutum sama da ɗari wannan riƙo. Minti biyar ya wuce, goma ta wuce. Ya sassauta yatsu don ya gwada, sai ta karkata a hankali, farin cikinta ya juyo sama. Ya yi maza ya miƙar da ita.

"Za ta tashi," ya ce, ba tare da an tambaye shi ba.

Delbert ya kunna ƙaramin injin, ya sa jirgin yana tafiya kamar ba ya tafiya, don ruwa ya riƙa ratsa bakinta. Orrin ya lura da haka, ya kuma ji haushin cewa dabarar daidai ce.

Ruwan Oktoba ba abokin wasa ba ne. Da farko hannun ya yi zafi, sannan ya yi ja, sannan ya daina jin cewa nasa ne. Bakin jirgi yana danna masa haƙarƙari, gwiwoyinsa sun jiƙe. Ya sauya hannu, ya sake sauyawa. Wata mikiya ta sauka a kan busasshen itace a tsibirin, ta gyara zama kamar wadda aka gayyata.

"Minti arba'in," in ji Delbert.

"Na tambaye ka lokaci?"

"A'a. Na ga dai agogonka yana cikin ruwa ne."

"Wannan kifin ya fi shekara ashirin a duniya, Del. Kowace bazara ƙwai take zubawa ba iyaka. Ba abin ratayewa a bango ba ce."

"Ni kake yi wa wa'azin ko ita?"

"Doka ta ce halal, to sai me? Ba duk abin da doka ta bari ne mutumin kirki ke yi ba."

"Na taɓa jin wannan huɗubar," in ji Delbert, yana yanka cuku a kan gwiwarsa. "A sahun gaba nake ranar."

Orrin ya sake sassauta yatsu, ta sake juyawa. Murfin kunnenta da ɗazu yake buɗewa yana rufewa yanzu sai an zuba ido sosai ake ganin motsinsa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka shiga da Marlys ɗakin tiyata. Ya duba gabas. Tafkin nan gaɓa ɗaya gare shi da mota ke iya sauka, kuma daga nan yana hango hayaƙin gashin nama ya fara tashi a can.

Da awa ɗaya ta cika, Delbert ya matso tsakiyar jirgi ya zauna kusa da shi.

"Tawa awa ɗaya da rabi na riƙe ta," ya ce. "Can bayan tsibirin nan. Ni kaɗai ne, ba mai tuƙa min jirgi. Duba." Ya miƙo hannun hagu, ya lanƙwasa yatsu, ƙaramin ya ƙi bin sauran. "Tun ranar."

Orrin ya kalli yatsan. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana ganin kifin nan a ransa a bangon falon Delbert, an shafe ta da mai tana sheƙi.

"Ba ka rataye ta ba?"

"Ka taɓa shigowa ka duba? Banda ta na yi da hayaƙi. Duk hunturun nan ita na ci, ni kaɗai, har ƙarshe. Maski ba ta da wani daɗi, in gaya maka. Amma ni na kashe ta, ban ga dalilin da zan bar wa kunkuru aikina ba."

Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani. Orrin bai taɓa ɗauka da shi ake ba. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya mayar da shi kan kifin. A daidai lokacin murfin kunnen ya buɗe, bai sake rufewa ba. Ya ci gaba da riƙo duk da haka, minti goma, sha biyar, don muddin hannunsa yana kan wutsiyar nan ba a ce ta mutu ba, ba a kuma ce ya zaɓi komai ba.

"Orrin," in ji Delbert. Yau ne karon farko da ya kira sunansa. "Ta tafi."

"Na sani."

"To ga yadda take. Ka buɗe hannunka, ta nutse. Hoto yana wayata, ka ce ka sake ta, ni kuma ba a tambayata komai a garin nan. In ta taso jibi da kumburarren ciki, babu sunan kowa a jikinta."

"Ba zan iya ba."

"To mu sa ta a jirgi, in mun isa tawa ce. Wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron ruwan sama. Kai kana da riga da za ka kare, ga Marlys tana jira ta ji mun dawo lafiya."

Da zagi ya yi masa da ya fi sauƙi. Orrin ya nemi alamar gatse a fuskar mutumin bai samu ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Gaba kura, baya sayaki: in ya saki, ya zama maƙaryaci a gaban mutum ɗaya tak da ya san gaskiya, in ya karɓi tayin, ya sake yanka Delbert a wuri guda da wuƙa guda. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Suka ciccibo ta tare suka shimfiɗe a ƙasan jirgi, Delbert ya rufe ta da tamfol. Tamfol ɗin bai kai ba, wutsiyar ta leƙo.

Tafiyar minti goma sha biyu ce zuwa gaɓa. Orrin ya cusa hannuwansa a hammata, suna dawowa da rai da wani irin zugi. Ya yi ta fatan injin ya mutu, injin kuwa bai taɓa yin lafiya irin ta yau ba.

Mutum kusan talatin ne a gaɓar, duk da jajayen riguna. Gordy Pulvermacher, sakataren ƙungiya, shi ya taho ya kama igiyar jirgi, da burodi da nama a ɗaya hannun, yana dariya.

"Shugaba da kansa. An samu wani ab..."

Idonsa ya sauka a kan wutsiyar. Dariyar ta ɗauke. Bai ko kalli Orrin ba, kai tsaye ya juya ga Delbert.

"Kai dai ba ka da gyara, Maki. A gaban Shugaba ma? Mutumin ya yi maka alfarma ya shiga jirginka."

Mutane suka fara matsowa. Delbert ya sauka, ya gyara hularsa, ya kama hanyar motarsa. Orrin ya bi bayansa da kallo. Ya san wannan bayan. Haka ya gan shi yana fita daga zauren taro, kafaɗa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka, sai dai yanzu gashin ƙeyar ya yi fari. Gordy ya dafa Orrin yana cewa ya yi haƙuri, wasu mutanen ba sa jin magana. Abin da ake bukata daga gare shi kawai shi ne ya yi shiru, kuma shirun yana da sauƙi ƙwarai.

Ya sunkuya ya yaye tamfol ɗin.

"Tawa ce, Gordy. Ni na kama ta." Ya nuna kifin. "Ƙugiya ce ta yage ta a ciki. Na riƙe ta fiye da awa ɗaya. A hannuna ta mutu."

Kitse yana ta ɗiga a wuta. Gordy ya janye hannunsa daga kafaɗar Orrin. Ya dubi jinin da ya bushe a hannun jar rigar, ya dubi kifin, ya dubi mutanen da ke bayansa. Ba mugun mutum ba ne Gordy, ɗalibi ne mai riƙe karatu.

"Kowa haka yake cewa, Shugaba," ya ce a hankali.

Babu wanda ya tafa. Babu kuma wanda ya matso. Orrin ya zura hannu ƙarƙashin kifin zai ɗaga, yatsun suka ƙi kamawa, ta zame ta koma. Ya sake gwadawa a gaban mutum talatin, ta sake zamewa.

Motar Delbert ta taho da baya har bakin ruwa ta tsaya. Ya fito, ya ratsa jajayen rigunan kamar ba ya ganinsu, ya shiga jirgin ya kama wajen kan kifin.

"Kama wutsiyar," ya ce. "Mutum ɗaya ba ya iya ɗaukarta. Na gwada."